Waiwaye: Yadda Ziyarar Dangi a Ƙetaren Iyaka Ta Koma Aikin Takarda

Akwai gidaje da dama a Tudun Wada da Sabon Garin Zariya da ke da dangi a Maraɗi, Damagaram ko Agadas. Biki ko rasuwa na iya tayar da iyali guda su kama hanyar Funtuwa zuwa Katsina, su ɓulla Jibiya. A nan ne ake tambayar mai gida takardunsa, da na iyalinsa, da na yaran da ke bayan mota. Kakanninmu ba su san wannan tambaya ba.

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, da maniyyatan da ke ratsa Chadi da Sudan a ƙasa da mata da 'ya'ya, shaidarsu ita ce madugun ayari da mai masauki da sunan garinsu. Turawan Ingila da Faransa ne suka ja layi tsakaninmu da Nijar ta yarjejeniyoyin da suka yi daga 1890 zuwa 1906. Layin ya haura kilomita 1,400, kuma ya ratsa tsakiyar ƙasar Katsina da Daura da Gobir, ya bar wa a nan ƙane a can.

Bayan 'yancin kai aka yi ƙoƙarin sassautawa. An kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, a Legas a 1975, a 1979 kuma aka amince ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar ya shiga wata ba biza har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Amma tun a lokacin aka ga cewa tambayar "kai ɗan wace ƙasa ne?" tana iya zama makami. A 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ta kai shi Chadi bisa cewa mahaifinsa ɗan can ne. Kotu ce ta tabbatar masa da zama ɗan Najeriya. Idan an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga talakan da ba shi da lauya? Shekara uku bayan nan, a 1983, aka kori baƙi marasa takardu da yawan gaske, akasarinsu 'yan Gana, har da 'yan Nijar.

Doka ita kanta ba ta da ruɗani sosai. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya rataya zama ɗan ƙasa a kan jini: yaron da aka haifa a Maraɗi ɗan Najeriya ne idan uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista, amma bai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen hujja. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sai dai yaran da ungozoma ta karɓi haihuwarsu a gida da yawa an yanka musu rago an raɗa suna, ba wanda ya je karɓar takarda. Ranar da tafiya ta taso sai a shiga neman takardar rantsuwa a kotu, da ta shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda ita ma takan tsaya a kan sa hannun mai unguwa ko hakimi. Wanda aka haifa a Samaru amma kakansa ya zo daga wani gari ya san wahalar wannan takarda.

A 2007 aka fito da fasfo mai na'ura, aka kuma kafa hukumar katin ɗan ƙasa. Yau ba a ba da fasfo sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma dole suna da ranar haihuwa su dace a ko'ina. Wannan ya fi taɓa mata, domin mace na iya zama da sunan mahaifinta a wata takarda, da na mijinta a wata. A aikin Hajjin 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare matan Najeriya sama da dubu kan batun muharrami, aka dawo da wasunsu gida. Yaro kuwa yana buƙatar fasfonsa na kansa da takardar amincewar iyaye, ƙa'idar da nake goyon baya saboda masu safarar yara, ko da yake tana wahalar da goggo ko kakar da ke riƙon ɗan 'yar'uwa, alhali riƙo tsohuwar al'adarmu ce da takardun hukuma ba su san da ita ba.

An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, suka fito da nasu fasfo. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen masu tambarinta har sai an ba da wata sanarwa. A kan wannan mataki na wucin gadi zirga-zirgar iyalan da ke da gida biyu ta rataya yanzu.