Ma'anar rezin da amfaninsa a masana'antu

Rezin suna ne na wani rukunin kayan haɗi masu danƙo, waɗanda ke zuwa a ruwa-ruwa ko a gari ko a ƙananan ƙwayoyi, kafin a sarrafa su su taurare. Akwai na itace, irin wanda ke tsatsowa daga jikin hano ana turare da shi, amma wanda masana'antu ke nufi a yau na haɗi ne, kuma mafi yawansa daga sinadaran man fetur da iskar gas ake samo shi. Na farko da aka haɗa ba tare da danƙon itace ba shi ne Bakelite, wanda Leo Baekeland, haifaffen Beljiyam mazaunin Amurka, ya samar a shekarar 1907.

Kashi biyu ake raba rezin na haɗi. Na farko yana narkewa duk lokacin da ya ji wuta, shi ake yin buta da bokiti da leda da bututun ruwa, shi ya sa masu sayen tsofaffin robobi ke tara su domin a niƙa a sake narkarwa. Na biyu kuwa, idan ya daskare ya daskare ke nan. Wuta ba ta narka shi, sai dai ta ƙona shi.

Wannan na biyun ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin daskarewarsa ba bushewa ba ce kamar yadda mutane da yawa ke zato. Makanikai da masu gyaran babur a Maradi sun san gam ɗin Araldite mai kwalabe biyu, wanda nau'in rezin ne da ake kira ifoksi: ɗaya rezin, ɗaya sinadarin da ke taurara shi. Da zarar an gauraya su, ƙwayoyinsu kan sarƙe da juna ta kowane ɓangare, har haɗin ya yi ɗumi da kansa. Saboda haka awo shi ne komai, kuma wanda ya ƙara sinadarin taurarawa don gaggawa, gam mai rauni zai samu. Zafi ma yana gaggauta aikin, don haka a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi kan wuce digiri 40, hikima ita ce a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan a inuwa, kada ya taurare kafin a shafa shi.

Ƙarfin riƙon rezin, da rashin tsatsa, da kasancewar lantarki ba ya bi ta cikinsa, su suka sa ya shiga ko'ina. Allon da ke ɗauke da kayan cikin wayar salula ifoksi ne da zaren gilashi, filawud ɗin da kafinta ke aiki da shi rezin ne ya manne shi, fentin mai kuma rezin ne ke riƙe launinsa a jikin ƙofa.

Yana da nasa rauni. Hasken rana kan mayar da ifoksi rawaya a hankali, kuma gam ɗin da ke cikin katako mai araha ba ya jure laima, abin da ke sa ƙasan kabad ya kumbura da damina. Kafin ifoksi ya daskare yana iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, don haka ya kamata mai aiki da shi ya sa safar hannu, ya kuma zauna inda iska ke kaɗawa.