Waiwaye: yadda manoman Afirka suka ɗaure shekara da taurari

Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365 da kusan rubu'i. Giɓin kwana 11 ɗin nan ne ke sa azumi zagayawa daga bazara zuwa ɗari. Ga ibada haka aka so, amma manomi ba zai tsayar da lokacin shuka da irin wannan lissafi ba. Mafi yawan ilimin taurarin da mutanen Afirka suka tara tun zamanin da, wannan larura ce ta haife shi.

Ga yadda abin yake. Kullum tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da kusan minti 4. Akwai lokacin da fitowarsa ke haɗuwa da ta rana, sai haske ya haɗiye shi tsawon makonni. Asubar da aka sake hango shi a gabas, dab da wayewar gari, ita ce alama, kuma sau ɗaya take zuwa a shekara.

A Nabta Playa, cikin hamadar kudancin Masar, makiyaya sun kafa da'irar duwatsu shekara kusan 7,000 da suka wuce, kuma masu bincike da dama na ganin an saita ta da mafitar rana a farkon daminar wancan zamani. Amma inda lissafin ya fito fili da rubutu shi ne gaɓar Kogin Nilu. Tauraron Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, yakan ɓace wa mutanen Masar kwana kusan 70, dawowarsa kuma ta zo kusa da cikar kogin. Misirawa sun tsara wata 12 masu kwana 30, suka ƙara kwana 5. Sai dai sun bar rubu'in nan, don haka duk shekara 4 kalandarsu na zamewa da kwana ɗaya, ba ta komawa mazauninta sai bayan shekara 1,460. A shekara ta 238 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarkin Masar Batlamus na Uku ya ba da umarnin ƙara kwana ɗaya duk shekara 4, umarnin bai kama ƙasa ba sai zamanin Rumawa. Gyararren tsarin yana raye a Habasha, inda watan 13, Pagume, ke da kwana 5 ko 6.

Kudu da Sahara, tarin taurarin da Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta ne kan gaba. Zulu da Xhosa suna ce masa isiLimela, Swahili kuma Kilimia, duka daga kalmar noma.

A ƙasar Hausa lissafin ya ƙara tsari da zuwan littattafan Larabci. Malaman hisabi sun raba shekara masauki 28 na taurari, kowane kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Kowane yanayi, bazara da damina da kaka da ɗari, ya samu bakwai. Surayya, wato kazar nan, tana ƙarshen bazara, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha kuma cikin damina. Wannan babban aiki ne, domin tsari ne na Larabawa aka lanƙwasa shi ya dace da ruwan Sahel, har tsoho a ƙauye ke iya faɗin tauraron da ake ciki ba tare da takarda ba.

Wurare uku ake samun tangarɗa. Hazo ko hadari na iya ɓoye tauraro, a makara da ganinsa kwanaki. Ranar fitowar tana sauyawa gwargwadon nisan gari kudu ko arewa, shi ya sa jadawalin da aka kwafo daga Alƙahira ba zai sauka daidai a Kano ba. Na uku ya fi ɓuya: ƙusar da duniya ke juyawa a kanta tana karkata sannu a hankali, taurari na zamewa daga yanayi da kusan kwana ɗaya duk shekara 71. Jadawalin da ya shekara 1,000 ba a gyara ba ya kauce da kusan mako biyu, abin da ya isa ya sa a binne iri kafin ruwa ya zauna ko bayan an makara.