Ɗakin alade: kira ga masu kiwo a Zariya

Masu kiwon aladu a Wusasa, Sabon Gari, Samaru da Basawa, da ku nake. Hanya biyu aka fi bi a nan: ko a saki aladu su yi ta gararamba a bola da kwata, ko a kulle su a ɗan ɗakin siminti mai rufin kwano, babu ko tsinke a ƙasa.

Sakin dai kowa ya san inda yake kaiwa. Alade ya ci bayan gidan mutum, ya haɗiye ƙwan tsutsar ciki, tsutsar ta shiga namansa. Ya cuɗu da na wasu, ya kwaso zazzaɓin aladu na Afirka, cutar da ta shigo Najeriya a 1997 kuma ba ta da magani. Rigima da maƙwabta kuwa, a gari irin namu, ba sai na faɗa ba.

Simintin ne ake ɗauka ci gaba. Alhali alade da hancinsa yake wuni, yana tono yana tauna. Idan bai sami abin tonawa ba, sai ya koma kan wutsiya da kunnen ɗan'uwansa, kuma da zarar jini ya fito sauran sun rufar masa. Mai kiwo ya ce dabbar mugunta gare ta. Zaman banza ne da cunkoso. Irin wannan dalili ya sa Ingila ta hana kulle uwar aladu mai ciki a matsattsen keji tun 1999.

Ga abin da nake ba da shawara: ɗaki mai iska, a ɗaga daɓensa don kada ruwan damina ya shiga, a zuba ɓuntun shinkafa ko garin katako kaurin kusan kamu ɗaya. Ku lura, alade zai zaɓi kusurwa guda yana kashi, nesa da inda yake kwana da ci. Wannan kusurwar ce za ku riƙa kwashewa kuna ƙara busasshe. Abin da kuka kwashe kuma taki ne na masara.

Sai dai shimfiɗar tana riƙe ɗumi, ga shi alade ba ya gumi sosai. A Maris da Afrilu dole a haɗa masa ɗan fili mai shinge, da inuwa da wurin taɓo. In ka ga yana birgima cikin fitsarinsa a kan siminti, zafi ne ya ishe shi.

Ciki kwana 114 ne. Ana gobe za ta haihu uwar takan shiga tara ciyawa da baki tana gyara makwanci. Ku ba ta busasshiyar ciyawa, kada ku hana. A kafa gora ko ƙarfe a jikin bango, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, inda 'ya'yan za su fake idan ta zo kwanciya, domin a kwana ukun farko aka fi danne su. Da hunturu, in kun ga sun hau kan juna suna rawar ɗari, a kare musu iska a ƙara shimfiɗa. 'Ya'yan da ba sa taka ƙasa kuma suna buƙatar allurar sinadarin ƙarfe cikin kwanakin farko na haihuwa.

Duk aladen da aka sayo daga kasuwar Kafanchan a ware shi wata guda kafin ya shiga garke. Idan suka fara mutuwa bi-da-bi, kada a yi saurin sayarwa. A kira malamin dabbobi, ko a sanar da asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.