Yarjejeniyar tsakiyar teku: abin da ta ce da abin da ake jingina mata

Tun ranar 17 ga Janairun 2026 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittun tsakiyar teku ta fara aiki, maganganu suke ta yawo a kanta. Wasu na cewa Majalisar ta karɓe teku daga hannun ƙasashe. Wasu na cewa an haramta kamun kifi. Wanda ya fi damuna shi ne tsoron da ya shiga zukatan ɗalibai da masu binciken halittun ruwa, wai daga yanzu duk wanda ya ɗebo wani abu daga teku don nazari ya taka doka. Duk ukun babu su a cikin takardar.

Mu fara da wurin da take magana a kai. Dokar Teku ta 1982, wadda aka rattaba wa hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika, ta bai wa kowace ƙasa mai gaɓa mil 12 na ruwa a matsayin yankinta, sannan ta ba ta iko da kifi da sauran arzikin da ke cikin mil 200 na awon teku, wato kusan kilomita 370. Sabuwar yarjejeniyar ba ta taɓa wannan ba. Aikinta yana farawa ne daga inda ikon ƙasashe ya ƙare, can tsakiya, ruwan da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tekun duniya amma kusan kashi 1 cikin 100 nasa kawai ke da kariya. Masunci mai kwale-kwale zai ƙare rayuwarsa bai je wurin ba.

To me ya haɗa masu kare gaɓa da ita? Dabbobin ne ba su san iyaka ba. Akwai ƙaton kunkurun teku mai bayan fata da ke yin ƙwai a rairayin Indunusiya, ya ratsa tekun Fasifik gaba ɗaya ya je cin abinci a gaɓar Kalifoniya. Mai gadin ƙwansa a bakin ruwa zai iya kwana yana tsaro shekara da shekaru, amma idan ƙugiyar manyan jirage ta kama uwar a hanya, wahalarsa ta tashi a banza. Wannan giɓi aka shafe kusan shekara ashirin ana tattaunawa a kansa, kafin a cimma matsaya a New York a watan Maris na 2023 ƙarƙashin jagorancin Rena Lee ta Singafo, a amince da rubutun ranar 19 ga Yuni. Palau ce ta fara tabbatar da ita a hukumance, kuma a Satumban 2025 aka cika ƙasashe 60 da ake buƙata.

Yarjejeniyar tana hawa kan ƙasashen da suka tabbatar da ita da ayyukan da ke ƙarƙashin ikonsu. Jiragen yaƙi ba sa ciki.

Batun kamun kifi gajere ne. Sashe na 5 ya ce kada yarjejeniyar ta raunana hukumomin da tuni suke aiki, kuma hukumomin kamun kifi na shiyya-shiyya suna cikinsu. Gaskiya ne za a iya keɓe wasu wurare a tsakiyar teku don kariya, amma sai taron ƙasashen da suka tabbatar da yarjejeniyar ya amince. Idan an kasa samun baki ɗaya, sai da kashi uku cikin huɗu na masu ƙuri'a, kuma ƙasar da ba ta gamsu ba tana da kwana 120 ta shigar da ƙorafi tare da dalilinta.

Inda ruɗani ya fi yawa shi ne sashe na 12, mai magana kan ƙwayoyin gado na halittun teku, wato sinadaran cikin jiki da ke ɗauke da siffofin da halitta ke gada daga iyayenta. Dalilin da ya sa ake ja-in-ja a kansu kuɗi ne da magani. Maganin sankarar jini mai suna cytarabine ya samo asali ne daga sinadaran da aka gano a jikin wani soson teku na yankin Karibiyan, kuma akwai maganin ciwo mai tsanani da aka samo daga dafin wani dodon koɗi na teku. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa kashi 98 cikin 100 na jerin ƙwayoyin gadon teku da aka yi wa rajistar mallaka suna hannun ƙasashe goma kacal, kuma kamfanin BASF na Jamus shi kaɗai yana da kashi 47. Duk mai adalci zai ga dalilin da ya sa ƙasashe masu tasowa suka dage.

Abin da sashen ya nema sanarwa ce. Babu wata hukuma da mai bincike zai tsaya a gabanta yana jiran ta ce masa je ka ko kada ka je. Wata shida kafin jirgi ya tashi, ko da wuri gwargwadon iko, ƙasarsa za ta tabbatar an shigar da bayani a rumbun bayanai na bai-ɗaya: ina za a je, me za a ɗebo, da wane jirgi, kuma akwai gurbin da masana daga ƙasashe masu tasowa za su shiga tafiyar ko babu. Za a bai wa abin da aka ɗebo lamba ta musamman da za ta bi shi duk inda ya je. Cikin shekara guda bayan ɗebowa sai a faɗi inda aka ajiye samfurin da bayanansa. Idan an ci gaba da aiki da shi, cikin shekara uku sai a sa shi a ma'ajiyar da kowa zai iya kaiwa gare ta. Kifin da aka kama don ci ko sayarwa ba ya cikin wannan lissafi, sashe na 10 ya cire shi.

A ganina, wannan ya ƙara wa ilimi ƙofa ne. Malamar jami'ar da ƙasarta ba ta mallaki jirgin bincike ko ɗaya ba za ta iya zama gaban kwamfuta ta ga abin da aka zaƙulo daga zurfin mita dubbai, ta koyar da ɗalibanta da shi. Masu wayar da kan jama'a ma za su samu abin nunawa na gaske.

Sai hukunci, wanda shi ne ake tsorata mutane da shi. Yarjejeniyar ba ta kafa 'yan sandan teku ba, ba ta yanka tara ba, ba ta ambaci ɗauri ba. Kwamitin da sashe na 55 ya kafa don duba bin ƙa'ida an rubuta ƙarara cewa aikinsa taimakawa ne, ba na hukunta kowa ba. Kowace ƙasa ce za ta yi dokarta ta cikin gida ta ladabtar da jiragen da ke ɗauke da tutarta. A nan nake da damuwa ta gaske, domin sanannen abu ne cewa masu jirage da dama suna sayen tutar ƙasar da ba ta sa ido. Sannan ƙasar da ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, ba ta ɗaure ta. Amurka ta sa hannu a 2023, amma sa hannu daban, tabbatarwa daban, kuma ko Dokar Teku ta 1982 ba ta taɓa tabbatarwa ba.

Rabon kuɗin ma bai nuna ba tukuna. A yanzu ƙasashe masu arziki za su riƙa zuba ƙarin rabin kuɗin da aka yanka musu na shekara don gudanar da yarjejeniyar a wani asusu na musamman, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ribar magani guda da ya karɓu a kasuwa. Yadda za a raba ainihin ribar an bar wa taron ƙasashen ya tsara, kuma yarjejeniyar ta ce a kira zamansa na farko cikin shekara guda da fara aikinta.