Aldabra, tsibirin manyan kunkuru

Aldabra tsibirin murjani ne a Tekun Indiya, mallakin ƙasar Seychelles, amma fa ya fi kusa da Madagaska, dan tsakaninsa da Mahe inda babban birnin ƙasar yake akwai sama da kilomita 1,000. Siffarsa kamar zobe ce, manyan tsibirai huɗu wato Grande Terre da Malabar da Polymnie da Picard sun kewaye wani makeken tafki a tsakiya, tsawon wurin gaba ɗaya ya kai kilomita 34. Ana kyautata zaton sunan daga Larabci ya fito, al-khadra, wato koriya.

Wurin bai da daɗin zama ko kaɗan. Ba kogi, ruwan sha sai an tari na sama, ƙasar kuma dutsen murjani ce mai kaifi da ke yaga takalmi, ga ƙaya ga rana. To wannan wahalar ita ta ceci dabbobin wurin. A sauran tsibiran yankin matuƙan jirgin ruwa sun kwashe manyan kunkuru sun cinye har suka ƙare, tunda kunkuru na iya yin watanni a cikin jirgi ba ci ba sha, ya zama nama mai rai kenan, amma a Aldabra har yau akwai kimanin 100,000, wani nauyinsa ya kai kilo 250. Akwai ƙaguwar kwakwa, da kififiyar teku da ke haurowa yashi ta saka ƙwai, da wani tsuntsu mai farin wuya wanda ba ya iya tashi, shi kaɗai ya rage a irinsu a tsibiran Tekun Indiya.

Mutane dai sun taɓa zama 'yan kaɗan suna kamun kunkuru da kifi, har a 1874 Charles Darwin da wasu masana suka sa hannu a takardar roƙon a kare dabbobin. Babbar barazanar ta zo ne bayan 1965 lokacin da Birtaniya ta so gina sansanin jiragen yaƙi a can, masana kimiyya musamman na Royal Society, wato ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, suka tada jijiyar wuya, a 1967 aka watsar da maganar, kodayake matsalar kuɗi ma ta taimaka. A 1976 tsibirin ya koma hannun Seychelles, a 1982 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Yanzu ba mai zama sai ma'aikata da masu bincike a Picard ƙarƙashin Seychelles Islands Foundation, gidauniyar da ke kula da tsibirin. An gama da awakin da aka shigo da su a 2012, sai dai shara daga ƙasashe masu nisa na ta zuwa da igiyar ruwa, a 2019 an kwashe tan 25 na roba a bakin tekun, ciki har da dubban silifas.