Iska Ta Wuce, Saura Abin da Ta Bari

Ranar Talata da la'asar sakaliya hadari ya taso mana daga gabas, irin mai jar ƙurar nan da ke sa kaji shiga akurki tun rana ba ta faɗi ba. Iska ta yi ta yi kamar ba za ta daina ba, sannan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye, sai da na tsaya sau huɗu a hanya kafin in kai asibiti, ana jajanta wa juna. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Hirar dai ɗaya ce, daga bakin famfo har teburin mai shayi. "An kawo wuta wajenku?" "Ina fa, falwaya biyu na can kwance a bayan makaranta." "Don Allah jama'a, wa ya ga wata jar akuya da guntuwar igiya a wuya?" "Kwanon ɗakin Inna yana kan darbejiyar maƙwabta." "Yau ƙanƙara sai mai kuɗi."

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma na ga damina da yawa a bakin wannan aiki. Daren da aka yi iskar ba mu cika samun mutane ba sai ɗai-ɗai, wanda kwano ya yanka, wanda reshe ya faɗo wa. Daga kwana na biyu zuwa na biyar ne benci ke cika. In kuma aka bi sawun abin da ya kawo su, galibi ba iskar ba ce, tsoron asara ne. Ban ga laifin kowa ba, na san yadda ake fama kafin a ɗora tukunya a wannan zamani. Amma gara mu faɗa wa juna gaskiya, kada garin neman gira a rasa ido.

Daminar bara, washegarin wata guguwa, wani magidanci ya zo mana da sassafe a adaidaita sahu, shi da iyalinsa su biyar. Kowa kai na sara masa, yara na amai, uwargida ko tsayuwa ba ta iyawa. Maigidan ya ce maleriya ce ta yi musu taron dangi. Kakar yaran, wadda ta kwana a nata ɗakin can ƙuryar gida kuma ta tashi garau, ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, wannan ba na asibiti ba ne, guguwar nan ba ita kaɗai ta zo ba." Muka yi gwajin maleriya, babu ko mutum ɗaya. Na ce, "Malam, ina janareto ya kwana?" Ya ce a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakinsa da na yara, ya kuma rufe ƙofar waje saboda ruwa da ɓarayi. Kaji uku aka kife da kwando a wannan lungun, biyu an tarar sun mutu. Abin da ya cece su, bayan kwana da ke gaba, mai ne ya ƙare wajen ƙarfe biyun dare.

Baƙin hayaƙin da ake gani yana fita daga salansa ba shi ne babban abin tsoro ba. A cikinsa akwai wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashi mai barci. Jini yana riƙe ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita ninki sama da 200, saboda haka tana shiga sai ta mamaye gurbin. Mai barci zarcewa kawai yake yi. Shi ya sa lokaci-lokaci muke jin an ɓalle ƙofa an tarar da gida guda, a yi ta zargin kishiya ko a ce guba aka zuba a miya. Inji wurinsa fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa tana kallon wani gefe. Buɗe taga ba ya wadatarwa, baranda mai labulen tampol ma ɗaki ce. Mai tsoron ɓarawo ya nemi sarƙa da kwaɗo, mai tsoron ruwa ya kafa masa 'yar rumfa wadda iska ke ratsawa. Iyayena mata, kurfotin gawayin da kuke shiga da shi ɗaki don ruwa ya hana girki a tsakar gida, iskar nan dai yake fitarwa. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji ciwon kai da jiri a tare, a fita waje da kowa, a kashe wutar, a taho asibiti ko da an ji sauƙi.

Jar akuyar nan da ake cigiya, da hantsi aka gan ta a sandare cikin ruwan da ya kwanta kusa da wayar da ta faɗo. Yaron gidan ya nufe ta a guje, mai faci ne ya fizgo shi ta wuyan riga. Yaron na kuka yana cewa, "Ai babu wuta a gari!" Maganar nan ta ci mutane da yawa. Ana iya maido da wuta a layi ba sanarwa, haka kuma maƙwabcin da ya jona janaretonsa da wayar gida bai raba ta da ta titi ba yana iya tura wuta cikin wayar da ke ƙasa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruwan da ya kwanta su ma suna ɗauka. A tsaya nesa da ita kamar mita 10, a sa babba ya tsare wurin saboda yara da 'yan jari-bola, a kira ma'aikatan lantarki. In wuta ta kama mutum a cikin gida, a fara kashe ta daga mita kafin a taɓa shi. In wayar titi ce, ko da sanda kada a matsa.

Mai akuyar ya so a feɗe ta, wai da sauran ɗuminta. Liman ya ce mushe ce, magana ta ƙare. Sai dai ba kowace unguwa ke da mai tsawatarwa ba, wata dabbar kasuwa take nufa. In kika ga nama ya yi araha fiye da ƙima washegarin ruwa, ki tambayi mahauci inda aka yanka, tambaya ba faɗa ba ce. Dabbar da aka tsinta a mace ba a san dalili ba, musamman in baƙin jini na fita ta hanci ko dubura, ko wuƙa kada a sa mata. Alamar ciwon saifa ke nan, yana kama mutane, kuma ba labarin da ba ne: a watan Yulin 2023 an tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja a jihar Neja. Malamin dabbobi ake kira, a binne ta da zurfi.

Maganar firji kuwa, wanda ya rayu a Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan lantarki suka lalace muka shafe fiye da mako guda a duhu, ya san yadda kifi ke komawa. Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne kacal. Firiza in ta cika maƙil tana kai kwana biyu, in rabi ce kwana ɗaya, shi ma in yara ba sa buɗewa suna neman ruwan sanyi. Ni shawarata kada a jira. Ranar farko a fito da nama a soya shi ƙarau, a yi dambu, a miƙa wa maƙwabta abin da ya yi yawa, ko ba komai akwai lada. Miyar jiya sai ta tafasa sosai, ba ɗumi-ɗumi ba. Kunun aya da madarar yara ba sa jure kwana, a zubar. Kuma hanci ba alƙali ba ne, abinci kan ɗauki cuta bai canza wari ba.

A kasuwa, kifin ƙanƙara da kajin firiza su ne abin lura a wannan mako. Kwalin da ya narke aka sake daskarar da shi yana da alama: jar ƙanƙara mai jini a ƙasan leda, kifaye sun manne da juna sun zama dunƙule, in ya saki ki danna da yatsa sai gurbin ya tsaya. Mai kifi ma tsoron asara yake yi, uwar kuɗinsa ce a ciki, amma cikin 'ya'yanki ba wurin rage masa asara ba ne. Haka masara da gyaɗar da rufin shago ya yoyo a kansu. In funfuna ta kama su, tana barin wani dafi mai suna afilatoksin wanda ke cin hanta a hankali, wuta ba ta kashe shi, niƙa ba ya fitar da shi. Hatsin da ya jiƙe a gida a baje shi a rana nan take, a kan tampol, ba a bar shi cikin buhu ana cewa sai gobe ba.

Masu ciwon suga da ke allurar insulin sukan zo hankali a tashe. Kada a ɗora kwalbar kan ƙanƙara, daskarewa na lalata ta kamar yadda zafi ke yi. Dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki a nan: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, a ajiye a inuwa. A ƙulle kwalbar a leda don kada ruwa ya taɓa ta.

Abin da ya fi hana ni barci dai shi ne ruwan sha. Wuta na ɗaukewa burtsatse ke tsayawa, 'yan garuwa kuma ba za su zauna ba, duk inda suka samu za su ɗebo. A daidai lokacin ne masai ya cika ya tumbatsa, kwata ta haɗe da rijiyar da ba ta da murfi. Ta nan kwalara ke shigowa. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ruwa ya yi garai-garai ba ya nufin yana da tsabta, alam laka kawai yake kwantarwa. A tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin irin su Aquatabs da WaterGuard bisa ƙa'idar da ke jikin takardar, a jira minti 30. Wanda ya fara gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida, a ci gaba da ba shi a kan hanya. In babu na kemis, a haɗa: ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kwalara kan kwantar da ƙato cikin awanni, ba a jiran gari ya waye.

Katanga ta faɗi, kare ya fita. Karen da tsawa ta firgita yakan ciji har ɗan gidansu, saboda haka a hana yara bin wanda ya laɓe a kwalbati ko kango. In an yi cizo, ko kyanwa ce ta yi yaƙushi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu tsawon minti 15. A duba agogo, don ya fi yadda ake zato tsawo. Ban da barkono, ban da toka, ban da man birki. Daga nan sai asibiti a fara allura a ranar. In karen mai gida ne a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran sakamakon kafin a fara allurar, domin ciwon haukar kare in ya riga ya bayyana kusan ba a tashi. Masu kiwon kare, 'yan farauta da masu gadi, rigakafin da ake yi wa karen kansa yana nan, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa.

Macizai ma ruwa ya kore su daga ramuka. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ya fi haka a watan Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle har ruwa ya kwaso kadoji da macizai daga gidan zu ya kai su cikin unguwanni. Namu ƙanana ne, amma kububuwa ba ta buƙatar girma. Mai ɗaga tarin kwano ko itace ko bulo ya fara zungura da sanda, ya sa takalmi rufaffe, wanda zai kuma kare shi daga ƙusa. In ƙusar ta riga ta shiga, akwai allurar tetanus, rigakafin sarƙe-haƙora. In sara ne, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum kada ya taka da ƙafarsa. Asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna ne da allurar kashe dafi, ba da baƙin dutse ba.

Har yanzu da nake rubutun nan ba a kawo mana wuta ba, kwana na uku ke nan. In ta zo, kowa ya san yadda ake yi, yara su ɗauki ihun "NEPA!" a guje, kowa ya nufi soket da cajarsa. Hajiya, kafin ki yi murna ki fara buɗe firizar nan ki duba. Duk abin da ya narke ya rasa sanyi, ki fitar da shi a lokacin, don in kika ba shi awa uku zai sake daskarewa ya koma kamar bai taɓa narkewa ba, ke kanki ba za ki iya bambance shi da mai kyau ba.