Mene ne FFP, dokar "iya kuɗinka iya shagalinka" ta ƙwallon Turai?

Da zarar an buɗe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa, sai ka ji haruffa uku suna yawo a bakin masu musu a gidajen kallon ƙwallo: FFP. Wata ƙungiya ta zuba miliyoyi ta ɗauko ɗan wasa, mai goyon bayan abokiyar hamayyarta ya taɓe baki ya ce, "Ku dai ci gaba, FFP na nan tafe." In ka ce ya fassara maka ita, sai ya ce ai doka ce da ta hana kulob cin bashi, ko ta hana shi sayen ɗan wasa mai tsada. Duka amsoshin biyu sun yi kusa, amma ba su kai ba.

FFP, wato Financial Fair Play a Turance, taƙaitaccen suna ne na wasu ƙa'idoji da hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta amince da su a watan Satumban 2009, zamanin shugabancin Michel Platini, aka fara aiki da su a 2011. Masu labarin wasanni a Hausa kan kira ta dokar kashe kuɗi daidai samu. UEFA ba gwamnati ba ce, ba ta da hurumin rufe kulob ko ɗaure mai shi. Makaminta guda ne: gasanninta. Kana son buga gasar Zakarun Turai ko ta Europa, to sai ka buɗe mata littattafan kuɗinka ta duba. In ka ƙi, ko ta samu ka taka doka, ko kai ka ɗauki kofin ƙasarka tana iya cewa ka zauna a gida.

Abin da ya jawo dokar kuwa asara ce. A 2011 kaɗai ƙungiyoyin manyan rukunonin Turai sun tafka asarar da ta kai Yuro biliyan 1.7. Wanda ya ga Nwankwo Kanu ya ci wa Portsmouth ƙwallon da ta ba ta kofin FA a 2008 ba zai yi zaton cewa ƙungiyar a bakin rami take ba. Ashe albashin da take biya ya fi ƙarfinta. A Fabrairun 2010 bashi ya durƙusar da ita, aka ƙwace mata maki 9, ta faɗo daga Firimiya, kafin ƙarshen 2013 tana rukuni na huɗu.

Dokar da ƙafa biyu take tsaye. Ta farko ita ce ta fi kusa da abin da mutane ke nufi in sun ce "bashi", sai dai ba kowane bashi ba. Wanda UEFA ba ta yafewa shi ne wanda lokacin biyansa ya wuce: albashin 'yan wasa da ma'aikata, ragowar kuɗin ɗan wasan da aka saya daga wata ƙungiya, da harajin gwamnati. A nan Malaga ta Sifaniya ta faɗa. A Disamban 2012 aka yanke mata hukuncin dakatarwa, ta ci gaba da wasa a kakar har ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Zakarun Turai, inda Borussia Dortmund ta fitar da ita a mintunan ƙarshe. Kakar da ta biyo baya ta samu gurbin Europa a fili, amma sai kallo.

Bashin banki kuwa, muddin kana biya a kan kari, ba laifi ba ne. Shi ya sa Manchester United, wadda iyalan Glazer suka saya a 2005 da kuɗin rance sannan suka ɗora rancen a wuyanta, fiye da fam miliyan 500, ba a taɓa korar ta daga gasar Turai saboda wannan bashin ba. Kuɗin ruwan da take biya ne kawai ke shiga lissafin abin da ta kashe.

Ƙafa ta biyu ita ce daidaita shiga da fita. Ana haɗa lissafin shekara uku, a duba abin da kulob ya samu daga tikiti, da haƙƙin nuna wasa a talabijin, da masu ɗaukar nauyi, da sayar da 'yan wasa, a auna da abin da ya kashe. An yafe giɓin Yuro miliyan 5. Idan mai kulob zai cike giɓin daga aljihunsa, ba a matsayin rance ba, da farko an yarda ya kai miliyan 45, daga baya aka rage zuwa 30. Kuɗin gina filin wasa, da makarantar horar da yara, da ƙungiyar mata ba sa shiga wannan awo, don ba a son a hukunta wanda ya shuka abin da zai amfani gobe.

To, ai duk inda aka kafa shinge, akwai mai neman kafar da zai bi. Kafa ta farko ita ce talla. Tunda an taƙaita abin da attajiri zai ba kulob ɗinsa kai tsaye, sai wani kamfani mai alaƙa da shi ya zo a matsayin mai ɗaukar nauyi, ya biya kuɗin da ya ninka darajar tallan. Hannun dama ya miƙa wa na hagu ke nan. A kan irin wannan aka ci tarar Manchester City da Paris Saint-Germain Yuro miliyan 60 kowacce a Mayun 2014, aka jingine miliyan 40 daga ciki bisa sharaɗi, aka kuma ce 'yan wasa 21 kacal za su yi wa rajista a gasar Zakarun Turai maimakon 25. Bayan mujallar Der Spiegel ta Jamus ta fallasa wasu wasiƙun cikin gida na City a 2018, UEFA ta dakatar da ita kaka biyu a Fabrairun 2020. Wata biyar kacal hukuncin ya yi. Kotun sauraron ƙararrakin wasanni da ke Lausanne ta soke dakatarwar, ta ce wasu zarge-zargen ba su tabbata ba, wasu kuma sun wuce wa'adin shekara biyar da UEFA da kanta ta gindaya. Tarar miliyan 30 ta koma 10. Tun daga ranar mutane da yawa suka daina jin tsoron dokar.

Kafa ta biyu ta akawu ce. Idan ka sayi ɗan wasa fam miliyan 100 da kwantiragin shekara biyar, ba a rubuta 100 a shekarar da ka saye shi. Miliyan 20 ake rubutawa kowace shekara. Chelsea ta gane cewa in ta tsawaita kwantiragin sai nauyin ya ragu, ta ba Enzo Fernández da Mykhailo Mudryk shekara takwas da rabi-rabi. A 2023 UEFA ta toshe kafar, ta ce rabon ba zai wuce shekara biyar ba komai tsawon takardar. Akasin haka, yaron da ka raina tun yana ƙarami ba ka saye shi ba, don haka duk abin da aka biya ka a kansa riba ce tsantsa nan take. Wannan ne sirrin da ya sa ƙungiyoyi ke sayar da 'ya'yan gida, kamar yadda Mason Mount da Conor Gallagher suka bar Chelsea. Ni a ganina nan ne dokar ta fi yin ɓarna, domin ta mai da wanda magoya baya suka fi ƙauna shi ne mafi sauƙin sadaukarwa.

A Afrilun 2022 UEFA ta yi wa ƙa'idojin garambawul har da sauya musu suna zuwa na ɗorewar tattalin arziki, sai dai bakin mutane ya riga ya saba da FFP. Giɓin da aka yarda da shi ya koma Yuro miliyan 60 a shekara uku. Sabon abu shi ne iyaka a kan abin da ake kashe wa tawaga: albashin 'yan wasa da koci, kuɗin saye da na dillalai kada su wuce kashi 90 cikin 100 na kuɗin shiga a 2023/24, sai 80, sai 70 daga 2025/26. An kuma kori manya: AC Milan daga Europa a 2019/20, Juventus daga gasar Conference, wadda ke ƙasa da Europa, a 2023/24.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Ba UEFA ce ta cire wa Everton maki 10 a Nuwamban 2023 ba, waɗanda ɗaukaka ƙara ta mayar 6, ba kuma ita ta cire wa Nottingham Forest 4 ba. Wannan dokar Firimiya ce, wadda ta kafa iyakar asara a fam miliyan 105 cikin shekara uku. Tuhume-tuhume 115 da aka yi wa City a Fabrairun 2023 su ma na Firimiya ne. Lionel Messi kuwa ƙa'idar albashi ta La Liga ce ta raba shi da Barcelona a 2021, lokacin da bashin ƙungiyar ya kai Yuro biliyan 1.35.

Shin dokar ta yi adalci? Ta rage masu cinye gumin 'yan wasa, wannan ba musu. Amma awon da aka ɗaura a kan kuɗin shiga yana fifita wanda ya riga ya yi ƙiba. Real Madrid ta haura Yuro biliyan ɗaya a 2023/24, kashi 70 nata miliyan 700 ke nan. Mai samun miliyan 100 kuma 70 zai taɓa, kuma a fili ɗaya za su haɗu. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, ya kashe yadda ya ga dama kafin a rufe ƙofa. Asusun zuba jari na Saudiyya da ya sayi Newcastle a 2021 ya ninka shi dukiya nesa ba kusa ba, amma a ƙarshen Yunin 2024 sai da ƙungiyar ta yi gaggawar sayar da Elliot Anderson da ɗan Gambiya Yankuba Minteh don lissafinta ya daidaita da dokar Firimiya kafin watan ya fita.